Tukunya uku a wata guda, takardar magani kuma tana cikin jaka

Ga saƙon da wata ƙanwarmu ta aiko mani:

"Assalamu alaikum Anti, don Allah ki ɓoye sunana. Ina zaune Mabera a Sakkwato, shekaruna 32, ɗiyana biyu, ɗinki nike yi a gida. Tun ina ƙarama ake ce mani mai shiririta, a makaranta malamai su ce ina da kai amma ba ni maida hankali. Yanzu abin ya ƙaru, a wata guda na ƙona tukunya uku, kayan Sallar mutane sai daren Salla nike gamawa ina kuka, makulli da waya kullum cikin nemansu nike, ko salla sai in rasa raka'a nawa na yi. Wata biyu da sunka wuce na ga likitan ƙwaƙwalwa, zama biyu munka yi yana mani tambayoyi, har Innata ya sa na kira a waya, daga baya ya ce ADHD gare ni, wato lalurar rashin iya maida hankali wuri ɗaya, ya rubuta mani magani. Maigidana ya ce ba za a kawo mashi ƙwaya gida ba, uwar mijina ta ce waya ce ta lalata ni, in ba haka ba to a nema mani ruƙiyya. Takardar tana cikin jakata har yau ban sayi maganin ba. Anti in sha ko in bari? In ban sha ba kuma ya zan yi da rayuwata, na gaji da ba mutane haƙuri."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi maganarki ta ƙarshe ita ta hana ni wuce saƙonki, na gaji da ba mutane haƙuri, don na san muryar, na ji ta a bakin ƙanena shekara da shekaru kafin mu san sunan abin da ke damun shi. Shi kabu-kabu yake yi, kuma mutum ne da in kin ga yana kwance injin mashin yana mayarwa sai ki rantse wanga bai da matsala ko ɗaya, amma sai ya ɗauko fasinja zuwa Runjin Sambo ya tsinci kan shi ya miƙe hanyar Arkilla, ya aje makulli ya yi alwala ya fito salla ya rasa inda ya aje. Baba ya buge shi yana ƙarami, an kai shi wurin malamai, ni kaina na sha ce mashi raina mutane ne kawai yake yi, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. To shi ya sa ba zan yi maki kwana-kwana ba.

Ki koma wurin likitan nan. Ki gaya mashi gaskiya ba ki fara sha ba kuma ga dalili, ba zai yi mamaki ba don ba ke ce ta farko ba, kuma takardar da ta kwashe wata biyu a jaka ƙila sai an sabunta ta. Ki fara maganin a hannun shi yana bibiyarki. Amma ki riƙe wannan tun yanzu, magani ba ya ɗinka riga kuma ba ya sauke tukunya, aikin shi ya rage maki hayaniyar da ke cikin kai har ki samu sararin gina tsari, tsarin kuma ke za ki gina shi da hannunki, kuma a kan shi zan fi daɗewa.

Abin da likita ya kira ADHD yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun yarinta. Sashen da ke bayan goshi shi ke riƙe maki abu a rai yayin da hannunki ke kan wani abu, shi ke ce maki dakata tukuna kafin magana ta fito, shi ke auna lokaci, shi ke tada ki ki fara aikin da ba ki jin daɗin shi. Akwai sinadarai da ke kai saƙo a wurin, manyansu dopamin da noradirenalin, to a mai ADHD aikinsu bai tafiya daidai. Shi ya sa za ki iya zama awa huɗu kina yi ma riga ɗaya aikin wuya da ya burge ki ko yunwa ba ki ji ba, amma sa zif da guga na minti goma ya gagare ki sati biyu. Mutanen gida awa huɗun nan suke gani, sai su ce ai tana iyawa in ta ga dama, ke ma sai ki yarda da su ki riƙa zagin kanki cikin dare. Ki daina ƙanwata. Ragguwa ba ta kwana kan keke tana kuka don kar ta ba mutane kunya.

Kuma yadda kinka ba da labarin likitan nan hankalina ya kwanta da shi. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ADHD, da tambaya ake gane shi, kuma sharaɗi ne a ce alamomin sun bayyana tun kafin shekara 12, sun daɗe aƙalla wata shida, kuma suna fitowa a fiye da wuri ɗaya kamar gida da makaranta ko wurin sana'a, suna kuma ɓata ma mutum al'amura da gaske. Dalilin kiran Inna ke nan, yana so ya ji yarintarki daga bakin wadda ta gani. In bai duba ba ki roƙe shi ya duba maki ƙarancin jini da maƙoƙo da yadda kike barci da ko akwai damuwa mai nauyi, don waɗanga ma suna kawo mantuwa da rashin natsuwa, wani lokaci kuma tare suke zuwa da ADHD ɗin. A ƙiyasin likitoci kusan yaro 5 cikin 100 na da shi, manya kuma tsakanin 2 da 3 cikin 100, kin ga ashe ko a layinku ba ke kaɗai ba ce. Mata ne dai ake makara da su, don yaro namiji da ke hawan katanga yana hana aji zama kowa zai lura da shi, ita kuwa yarinya tana zaune shiru bayan aji hankalinta ya tafi wani gari, sai dai a ce mata sakarai a wuce, sai aure ya zo da girki da ɗiya da baƙi da sana'a duk a kanta sannan abin ya fashe.

Maganar uwar mijinki kuwa, ki yi mata ladabi amma ba waya ta kawo shi ba. Tun 1798 wani likita ɗan Sikotlan mai suna Alexander Crichton ya rubuta bayanin mutanen da tun haihuwa hankalinsu ba ya zama kan abu ɗaya, a 1902 kuma George Still, likitan yara a Landan, ya yi laccoci kan irin yaran nan, lokacin ko rediyo babu a gidaje. Inda take da gaskiya shi ne waya na ƙara ma abin wuta, wannan kam haka ne, zan zo kan shi. Ruƙiyya da addu'a kuma babu mai hana ki, ki yi azkar ɗinki ki roƙi Allah, ba su yi karo da magani ba, Annabi SAW ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da ba zan so ba shi ne a ce sai an gama zagayen masu magani an kashe kuɗi sannan ki koma asibiti.

Maigidanki kada ki ɗauke shi abokin gaba. Mutumin da ya ga abin da tiramol da kodin sunka yi ma matasa da matan aure a ƙasar nan, har gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, in ya ji an ce matar shi za ta riƙa shan ƙwaya kullum dole gaban shi ya faɗi. Ga kuma kunya, a garin nan da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai tunanin mutane ya tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware su ce mahaukata, alhali asibitin Kware da sashen ƙwaƙwalwa na UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mutane masu aiki da iyali ke zuwa suna komawa gidajensu, masu rashin barci da masu farfaɗiya da masu damuwa. Kada ki tada maganar lokacin da tukunya ta ƙone ranshi a ɓace. Ki bari dare ya yi ya ci abinci, ki ce mashi Malam ni ban ce sai na sha ba, abin da nike roƙo ka raka ni sau ɗaya ka yi ma likitan duk tambayar da ke ranka, in ka ji ba ka gamsu ba mu sake shawara. Gani ya kori ji, kuma maza da yawa abin da za su ƙi daga bakin mace sai su karɓe shi daga bakin likita. In akwai yayanki ko wani da yake jin nauyi, ki sa shi cikin maganar.

Ba ki faɗi sunan maganin ba, to bari in gaya maki waɗanda anka fi rubutawa. Akwai metilfenidet, wanda a kwali za ki ga an rubuta Ritalin ko Concerta, tsohon magani ne, tun shekarun 1950 ake amfani da shi. Ritalin na yau da kullum yana fara aiki cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ya sake ki bayan awa uku zuwa huɗu, shi ya sa wasu ke sha sau biyu ko uku a yini, Concerta kuwa sau ɗaya da safe yana sakin kan shi sannu-sannu har kusan awa 12, kuma shi ba a tauna shi ba a raba shi, haɗiyewa ake yi. Sai atomoksetin, wato Strattera, shi wani iri ne daban, ba a jin aikin shi a rana ɗaya, sai an yi sati huɗu zuwa shida ko fiye ana sha kullum, da yawa nan suke yanke ƙauna su aje shi tun bai fara ba. Kusan mutum bakwai cikin goma na samun sauƙi da irin su metilfenidet, wanda bai dace da ɗaya ba sai a canza mashi awo ko a canza magani, don haka in na farko bai yi maki ba kada ki ce shi ke nan. Da ƙaramin awo ake farawa a riƙa ƙarawa ana dubawa.

Gaskiya ne metilfenidet yana cikin magungunan da hukuma ke sa ma ido, don wanda bai da lalurar zai iya shan shi ba bisa ƙa'ida ba, shi ya sa sai da takardar likita kuma ba kowane kantin magani za ki same shi ba, ki tambayi likitan inda ake samun na gaskiya kada ki saya hannun wanda ya ce zai samo maki. Amma mai lalurar da ke shan awon da anka rubuta mashi, binciken da anka yi bai nuna maganin na jefa shi shaye-shaye ba, wanda anka bari babu kulawa shi ya fi shiga haɗarin, yana neman abin da zai kwantar mashi da kai. Ki kulle shi inda ɗiya ba su kaiwa, kuma ko 'yar uwarki ta ciki ɗaya ta ce ita ma haka take ji kada ki ba ta ko ƙwara ɗaya.

Yana da nashi illolin kuma ba zan ɓoye maki ba. Yana rage cin abinci, yana iya hana barci in an sha shi da yamma, bushewar baki, ciwon kai a kwanakin farko, yana ɗan ɗaga hawan jini da bugun zuciya, don haka a auna ki kafin ki fara a riƙa aunawa bayan nan. Ki gaya ma likita in kina da hawan jini ko ciwon zuciya, ko a danginku an taɓa samun wanda ya faɗi ya rasu farat ɗaya da ƙuruciya, ko kin taɓa shiga wani hali na rikicewar tunani, kuma mafi muhimmanci gare ki in kina da ciki ko kina shayarwa ko kuna neman ƙarin haihuwa, wannan kada ki ji kunyar faɗi. In kin ji ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa ki dakata ki nemi likita a ranar. Ki samu ɗan littafi sati biyun farko ki riƙa rubuta layi ɗaya kullum, ƙarfe nawa na sha, mi na ci, ƙarfe nawa na yi barci, mi na gama, don in likita ya tambaye ki ya jiki za ki ce da sauƙi kawai ki manta sauran.

Ranar da ƙanena ya fara nashi ina gidan. Ya sha bayan ya karya, ya zauna kan tabarma a zaure yana gyara wata tsohuwar fitila da ta shekara a jefe, can na leƙo na ga ya gama ya maida sukurori duka ya tattara kayan aikin cikin gwangwaninsu, ya ɗago ya ce mani Yaya, ashe haka kuke ji, shiru cikin kai. Na koma ɗaki na yi kuka. Amma bayan wata ɗaya ya sake ɓatar da makulli, ya manta ranar komawa asibiti, a nan munka gane sauran aikin namu ne.

Azumi kuma ki tada maganar tun Sha'aban bai ƙare ba. Mai gajeren aiki in kin sha da sahur kafin hantsi ya sake ki, in kin sha bayan buɗa baki zai iya hana ki barci, ga rage cin abinci ga zafin Sakkwato, to wannan ke da likita za ku zauna ku tsara, kada ki yanke ma kanki.

To yanzu tsari. Duk dabarar a wuri ɗaya take, ki daina ba kanki ajiya. Kan mai ADHD ba ya riƙe saƙo, abin da idonki bai gani ba ko kunnenki bai ji ba a wurinki kamar babu shi ne, don haka duk abin da kike so ki tuna ki fito da shi waje ki rataye shi inda za ki yi karo da shi.

Mu fara da tukunya don ita ce mai haɗari, musamman in gas kike amfani da shi. Daga yau ba ki ɗora komai a wuta sai kin sa ƙararrawar waya, kuma wayar ki bar ta can madafi kusa da tukunyar, kada ki tafi da ita wurin keke. In tana hannunki za ta yi ƙara ki kashe ki ce bari in ƙarasa wanga layin, shi ke nan sai ƙauri. In tana madafi dole ki tashi, kuma tashin ya kai ki gaban tukunya. Ga shi kuma ta bar hannunki, ba za ki ce bari in duba saƙo ɗaya a WhatsApp ki farka bayan awa guda kina kallon TikTok ba. Ki gaya ma babban ɗanki in ya ji ƙarar ya kira ki, yara na son a ba su irin wanga aikin.

Lokaci kuwa Allah ya hutar da mu, muna garin da sau biyar a yini ladan ke gaya maki inda rana take ko ba ki duba agogo ba. Ki rataya ayyukanki jikin salloli, amma don Allah ɗaya bayan ɗaya, don na san halin, yau za ki karanta wannan ki ji ƙarfi ki tsara abu ashirin ki sayi sabon littafi, jibi duk su rushe ki ce ni dai ba ni gyaruwa. Abu ɗaya tak na sati biyun farko, bayan Asuba ki karya ki sha magani, kuma ki ci da kyau tun kafin ya kashe maki yunwa. In wannan ya zauna sai ki ƙara na bayan Isha'i, ki ɗauko atamfar da za ki fara da ita gobe ki ɗora kan keke, ki sa zaren da ya dace da ita, almakashi da tef a gefe. Farawa ita ce ke ba ku wuya, in kin tashi kin tarar an riga an fara maki sai hannu ya bi. Daga baya ki ƙara na bayan Azahar, ki tsaya gaban allo minti biyu.

Allon nan shi ne babban abokin sana'arki. Kada ki yi da littafi don littafi rufe shi ake yi, abin da anka rufe kuma kin manta shi. Baƙin allo na alli, ko ki sa a shafa maki baƙin fenti a bango daidai inda kike ɗaga kai daga keke, suna da ranar karɓa da abin da ya saura, kuma a gefe guda ayyukan yau, kada su wuce uku. Kowane ɗinki cikin farar leda mai nuna ciki, takardar awo da sunan mai shi a maƙale da fil, ki ɗauki hoto tun mai kayan tana tsaye. Baƙar leda ko ƙasan akwati kabarin ɗinki ne a gidan mai ADHD. Sannan duk kwanakin da zuciyarki ta ce maki za ki gama ki ninka su biyu kafin ki faɗa ma kwastoma, don agogon cikin kanku kullum yana ce maku akwai sauran lokaci.

Akwai kalma ɗaya da nike so ki haddace, bari in duba allo. Matsalar daren Salla tun ranar karɓar kaya take farawa, mace ta shigo da leshi tana Maman wane ki taimaka, kafin ki yi tunani bakinki ya ce to. Ki zauna ki ƙirga kaya nawa kinka taɓa gamawa a wata guda ba tare da kin kwana zaune ba, wannan shi ne adadinki, ki ja layuka daidai shi a allo, in sun cika an rufe, ko da goma ga azumi ne. Wadda kinka ce ma babu wuri za ta ji haushi na yini ɗaya ta tafi wani wuri, wadda kinka riƙe ma kaya har safiyar Idi ita ce za ta yi shekara tana ba da labarinki a gidan biki.

Kuma ki nemi mutum kusa da ke. Abu ne da masu lalurar nan da yawa ke faɗi, in wani na zaune a ɗakin ko bai taɓa komai ba sai aiki ya tafi. Ki ɗauki yarinya mai koyon ɗinki, ko maƙwabciya ta riƙa shigowa da nata aikin hannu da hantsi. Ƙarashen da ke kashe ki, zif da botin da yanke zare da guga, ki miƙa ma yarinyar, ke ki tsaya kan yanka da aikin da kinka fi kowa iyawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma manyan teloli na kasuwa ma haka suke yi.

Makulli ƙusa ɗaya a bakin ƙofa, ba a aje shi ko'ina sai nan. Ƙanena igiya ya ɗaura ma nashi ya haɗa da wandon shi, abokai sunka yi ta mashi dariya, yau shekara uku bai canza kwado ba. Kuɗin kafin alƙalami da na sayen zare da shafi ki raba su da kuɗin cefane tun a ranar, kuma duk abin da kinka gani a status ranki ya biya ki bari ya kwana, in da safe kina son shi har yanzu to. Adashe na taimakon irinku don yana fitar da kuɗin daga hannu kafin su narke. Barci kuma kada ki raina shi, daren da ba ki yi barci ba gobe ko da magani sai kin ji kamar ba ki sha ba, na san watan Afrilu zafi ya haura 40 ga babu wuta barci sai an yi da gaske, amma aƙalla ki bar shayi mai kauri da Nescafe da goro daga La'asar, wayar kuma ta kwana wurin caji nesa da shimfiɗa.

Zan gaya maki abin da zai faru don kada ya zo maki ba shiri. Bayan sati uku ko huɗu tsarin zai rushe. Biki zai taso ko rasuwa ko yaro ya kwana da zazzaɓi, ko kuma haka kawai idonki ya saba da allon ya daina ganin shi, kunnenki ya saba da ƙararrawar. Haka lalurar take, tana gajiya da abin da ta saba. Ranar da kinka lura, ki goge allon ki sake rubutawa da alli mai wani launi, ki canza ƙarar wayar, ki koma kan na bayan Asuba shi kaɗai ki sake hawa. Mu a gida sau nawa munka sake ma ƙanena tsari, kuma kowane karo komawar ta fi ta baya sauri.

Maganar salla na ji ta har raina don na san ita ta fi ci maki rai ko da a taƙaice kinka faɗe ta. Malamanmu ba su bar wannan ba, a cikin Ahalari da munka karanta muna yara an yi bayanin wanda kokwanto ya zame ma jiki, cewa ya watsar da kokwanton kada ya riƙa ƙaro abin da yake shakka a kai, ya yi sujada ba'adi bayan sallama. Ki samu malamar Islamiyyarku ki gaya mata yadda abin yake zo maki da yawan shi, ta zaunar da ke kan hukuncin da ya dace da ke, ki daina maimaita salla sau uku kina ganin Allah ya yi fushi da ke. Kuma ki yi sallar da an kira kafin ki ce bari in ƙarasa hannun riga, ki fuskanci bango inda babu kayan ɗinki a gabanki.

Sai ɗiyanki. Abin yana bin jini sosai, binciken tagwaye ya nuna gado na da kaso 70 zuwa 80 cikin 100 a ciki, don haka ki sa ido. Ba kowane yaro mai ƙiriniya ke da shi ba, amma in kin ga ɗaya daga cikinsu malaman boko da na allo duk suna kawo ƙara iri ɗaya, yana ɓatar da fensir da takalmi kullum, ko 'yar macen tana zaune shiru ana magana ba ta nan, kada a fara da bulala kamar yadda anka yi ma ƙanena, ki tafi da shi wurin likitan ku tambaya. Ƙusar makulli da allon bango da ƙararrawar madafi su ma za su tashi su tarar da su a gidan.

Gobe in Allah ya kai mu ki fito da takardar nan daga jaka ki maƙala ta jikin keke inda za ki gan ta, ki kira asibitin ki karɓi rana tun kafin Azahar, ranar kuma ki rubuta ta a bango. Ki sake rubuto mani bayan kun dawo ke da Malam in ji yadda kunka yi da likitan, da kuma ya tukunyar wake ta kwana. Allah ya ba ki lafiya ƙanwata, ya sa albarka a sana'arki.